Ina kalsiyam yake zama idan ƙwayar tsiro tana rabuwa gida biyu?

Ummi_Aji_Uku
Assalamu alaikum. Malamai da yayyena na wannan zaure, don Allah ku taimaka min. Makon jiya aka dawo mana da takardun gwaji na darasin ƙwayoyin halittar tsirrai. Tambayar ita ce a faɗi inda kalsiyam yake, da aikin da yake yi, a lokacin da ƙwayar tsiro take rabuwa gida biyu. Abin da na sani tun sakandare shi na rubuta: yana cikin siririn layin nan na tsakiya da ke manne bangon ƙwaya da na maƙwabciyarta, inda yake haɗuwa da fektin, wani sinadari mai danƙo, ya zama kamar siminti. Shafi guda na cika, har da zane. Maki 4 cikin 10 aka ba ni, malamin ya rubuta a gefe da jan biro cewa rabin amsa ce. Abin ya tsaya min a rai, ga jarrabawa saura mako uku. Ina sauran rabin yake?

Ɗan_Birnin_Gwari
Wa alaikumus salam. Ni ma abin da kika rubuta shi zan rubuta. Haka yake a duk littafin sakandare da na taɓa buɗewa.

Malam_Tsohon_Alli
Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminki bai zalunce ki ba, kuma ke ma ba ki yi kuskure ba. Kin faɗi inda kalsiyam yake bayan an gama gini, shi kuma yana tambayar inda yake lokacin da ake cikin ginin.

Shekara 31 na yi ina koyar da bayoloji, kuma kowace shekara sai mun yi gwajin saiwar albasa. Ki tuna yadda ake yi. A ɗora albasa a bakin kofi, gindinta yana taɓa ruwa, bayan kwana uku ko huɗu fararen saiwoyi su fito. A yanke ɗan tsinin, abin da bai fi milimita biyu ko uku ba, a sa shi cikin ruwan asid mai ɗumi na ɗan lokaci, a ɗiga rini, a rufe da gilashi a danna da babban yatsa. Me ya sa ake sa asid? Don ya sassauta wannan layin na tsakiya da kika zana, ƙwayoyin su rabu su baje a gan su ɗai-ɗai. To a nan kin ga rabin da kika rubuta da idonki.

Sauran rabin yana cikin ƙwayar. Idan kuromosom, wato zaruruwan da ke ɗauke da bayanan gado, sun rabu sun nufi gefe biyu, ƙwayar tsiro ba ta tsuke ƙugu ta yanke kamar ta dabba, domin bango ya kewaye ta. Sai ta gina sabon bango daga tsakiya yana faɗaɗa zuwa gefe, kamar yadda ake saƙa faifai daga cibiya. A wurin saƙar nan da kewayen mazari, wato ƙirar siraran bututun da ke jan kuromosom, akwai kalsiyam da yake aikin da ba na siminti ba.

Ummi_Aji_Uku
Na gode Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Misalin faifan nan ya shige ni. Amma wane aiki ne wanda ba na siminti ba?

Yaya_Daga_Jamus
Ƙanwata, bari in ɗora a kan abin da Baba Malam ya faɗa, domin a kan abu makamancin wannan nake karatu yanzu.

Da farko ki raba kalsiyam gida biyu a kanki: ɗaurarre da sakakke. Ɗaurarre shi ne mai yawa, yana bango, yana manne jikin tantani, wato siririyar fatar da ke lulluɓe ƙwaya da sassanta, yana ajiye a rumbuna. Sakakke shi ne wanda yake yawo cikin ruwan ƙwaya, kuma shi ɗan mitsitsi ne ƙwarai, wajen nanomola (ma'aunin yawan sinadari a ruwa) 100 zuwa 200 idan ƙwaya tana hutawa. A waje kuwa, cikin ruwan da ke jiƙe da bango, da kuma cikin bakuwol, wato babbar jakar ruwan nan, yana iya kaiwa milimola, wato nanomola miliyan ɗaya. Bambancin ya kai ninki dubu goma ko kusa da haka.

Ƙwaya tana kashe ƙarfi sosai wajen kwashe shi daga ruwanta, da famfuna a jikin tantani. Dalili shi ne harkar kuzarinta duk da fosfat ake yi, kuma idan kalsiyam ya yi yawa ya haɗu da fosfat sai su dunƙule su kwanta. To da yake an riƙe shi ƙasa-ƙasa haka, ƙofa kaɗan aka buɗe ya kwararo sai ƙwaya ta ji. Wannan shi ne aikinsa na biyu: manzo ne. Akwai furotin da ake kira kalmodulin mai gurbi huɗu na kama kalsiyam. Idan ya kama sai siffarsa ta canza, ya je ya tada wani furotin ko ya kwantar da shi.

A ƙwaya mai rabuwa, wurare uku za ki ambata bayan bangon. Na farko ragar tantanin nan da ake taƙaita sunanta ER, wadda take taruwa a kawuna biyu na mazari, wasu zaruruwanta ma su kutsa ciki su bi bututun da ke riƙe da kuromosom. Na biyu wurin da ake haɗa faifan tsakiya, inda ƙananan jakunkuna daga Golgi, sashen ƙwaya da ke shirya kayan bango, suke tururuwa, ita ma ragar ER ta kewaye wurin. Sai kuma shi kansa kalmodulin, wanda a tsakiyar shekarun 1980 aka nuna yana taruwa a mazari da kuma firagmofilas, wato ƙirar bututun da ke kai kaya wurin faifan.

Baba_Mai_Lambu
Ni ban yi zurfi a boko ba, jikana ne ya sa ni a wannan zaure. Amma da na ga kalsiyam sai na tsaya. Noman rani nake yi, tumatir da tattasai. Bara gindin tumatir ɗina ya dinga yin baƙi yana lotsawa tun yana ɗanye, kwando nawa na zubar Allah kaɗai ya sani. Wani mai shagon magani ya sayar min da ruwan feshi har kwalba uku ya ce kalsiyam ne, na fesa ban ga canji ba. Shin wannan rabuwar ƙwayar da kuke faɗa ita ce ta lalace a tumatir ɗina?

Injiniyan_Gona
Baba, sannu da asara, Allah ya mayar da alheri. Ciwon da ka gani sananne ne, kuma yana da nasaba da kalsiyam, amma ba a lokacin rabuwar ƙwaya ya fi faruwa ba. A tumatir, yawancin rabuwar tana ƙarewa cikin makonnin farko bayan fure, daga nan sai ƙwayoyin su shiga kumbura da sauri. A lokacin kumburar ne gindin ɗan yake rasa kalsiyam, tantani ya fara yoyo, wurin ya mutu.

Sau da yawa kuma ƙasar tana da shi. Kai shi wurin ne ya gagara. Kalsiyam da ruwa yake hawa, ta jijiyar ruwa, kuma ruwan ya fi bin ganye domin ganye ne ke fitar da tururi. Da zarar ya zauna a tsohon ganye ba ya dawowa, jijiyar abinci ba ta ɗaukarsa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Shi ya sa feshi a ganye bai kai wa ɗan tumatir komai ba. Ka duba ban ruwanka: idan ka bari ƙasa ta bushe ƙayau sannan ka cika ta, ka sake bari ta bushe, ga zafin watan Maris, haka za ta yi. Yawan yuriya ma yana ƙara abin, domin ganye ya yi ta bunƙasa yana janye ruwan.

Baba_Mai_Lambu
Wallahi ka faɗi gaskiya yaro. Injina ya lalace a lokacin, sai da na yi kwana shida ina jiran aro. Kuma yuriya na zuba da hannu sake. Allah ya yi maka albarka.

Ɗan_Birnin_Gwari
Yaya_Daga_Jamus, ina da ja. Ka ce yana cikin ER, yana kusa da mazari. Wa ya gan shi? Kalsiyam ba launi gare shi ba, kuma a gwajin albasar da Malam ya faɗa ƙwayoyin matattu ne, asid ya riga ya wanke komai.

Yaya_Daga_Jamus
Tambayarka tana kan hanya, kuma ita ce ta wahalar da masu bincike shekaru da dama. Dole sai ƙwaya mai rai, wadda za a zauna a kalle ta tana rabuwa. Tsirrai biyu aka fi amfani da su.

Ɗaya wani fure ne ɗan asalin Afirka, mai jan kai kamar ƙwallo, ana kiransa Haemanthus a da, yanzu Scadoxus. Ƙwayoyin da ke cikin ɗanyen irinsa ba su da bango a wani mataki, ga manyan kuromosom. Andrew Bajer da Jadwiga Molè-Bajer sun ɗauki hoton motsin rabuwarsu tun shekarun 1950. A 1980 Stephen Wolniak da Peter Hepler da William Jackson suka sa wa waɗannan ƙwayoyin kulotetirasaikilin. E, dangin maganin nan tetirasaikilin ne. Yana ƙyalli idan ya kama kalsiyam a kusa da tantani. Ƙyallin ya fito a kawunan mazari, yana miƙewa kamar tsinin mashi zuwa wajen kuromosom, daidai inda ragar ER take.

Na biyun shi ne Tradescantia. A cikin furensa akwai gashi siriri, ƙwayoyi jere kamar carbi, ana iya cire shi a sa ƙarƙashin madubi yana raye. Hepler, a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst a Amurka, ya daɗe yana aiki da shi. A 1985 ya nuna cewa idan aka hana ƙwayar samun kalsiyam daga waje, kuromosom suna daɗewa a jere a tsakiya kafin su rabu. A 1987 shi da Dale Callaham suka yi wa ƙwayar allurar wani rini suka auna sakakken, suka ga yana ƙaruwa bayan kuromosom sun fara rabuwa, ba kafin su fara ba.

Ɗan_Birnin_Gwari
To ai ka ga magana biyu sun ci karo. Idan rashinsa yana jinkirta rabuwar, ya kamata a ce shi ne ke ba da umarni. Idan kuma sai bayan an fara yake tashi, ba shi ne mai umarnin ba.

Yaya_Daga_Jamus
Ba dole su ci karo ba. Ana iya buƙatar abu ba tare da shi ne ya buga gangar tashi ba. Kuma rinin wancan zamanin jimillar ƙwaya yake aunawa, ɗan tashin da ya faru a lungu guda na daƙiƙa kaɗan zai iya wuce shi. Amma na yarda da kai cewa duk wanda ya rubuta kai tsaye wai kalsiyam ne ke kunna rabuwar kuromosom a tsiro, ya faɗi fiye da abin da gwajin ya nuna. Abin da ya fi ƙarfi shi ne tasirinsa a kan bututun. Tun 1972 Richard Weisenberg ya nuna cewa kalsiyam yana hana su haɗuwa a kwalbar gwaji. Tafiyar kuromosom zuwa gefe tana buƙatar bututun da ke riƙe da su su dinga gajarta. A gashin Tradescantia, ƙara kalsiyam kaɗan yana ƙara saurin tafiyar, wadda dama wajen maikuromita ɗaya ce, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, a minti, amma idan aka zarce sai ta ragu.

Hajiya_Uwar_Gida
Ni tambayata ta kicin ce, ku yi haƙuri. Kanwar da muke sa wa wake don ya yi saurin nuna, ba ita ce kalsiyam ɗin ba? Na taɓa jin haka.

Malam_Tsohon_Alli
Hajiya, a'a, kanwa yawancinta gishirin sodiyam ne, kabonet. Amma tambayarki ta faɗo daidai kan amsar da Ummi ta rubuta. Abin da ke sa wake tauri shi ne ƙwayoyinsa suna manne da juna da fektin, kalsiyam kuma yana ɗaure zaren fektin ɗaya da ɗaya kamar maɓalli. Kanwa tana taimakawa fektin ya warware ya narke, ƙwayoyin su saki juna, waken ya yi laushi. Shi ya sa tsohon waken da ya daɗe a ajiye cikin zafi da laima yake cinye itace, kuma ruwan wasu rijiyoyi mai yawan kalsiyam yake sa girkin ya daɗe.

Hajiya_Uwar_Gida
Ikon Allah. Da muka koma sabuwar unguwa na yi ta zargin mai waken, ashe ruwan burtsatsen ne. Na gode Malam.

Ɗan_Maraɗi
Gaisuwa daga Nijar. Ku bar ni in sa gyaɗa a maganar, domin ita ce nomanmu. Ƙasarmu jigawa ce. Wata shekara za ka ga ganye shar, ka tuge ka ga kwanso da yawa, ka fasa babu ƙwaya ko kuma 'yar ƙanƙanuwa a motse. Wani malamin gona ya ce mana gyaɗa ba ta aika wa 'ya'yanta kalsiyam daga saiwa, kwanson da kansa yake sha daga ƙasar da ke kewaye da shi. Haka ne?

Injiniyan_Gona
Haka ne ɗan'uwa, kuma misalinka ya fi na tumatir kusa da tambayar Ummi. Kwanson yana binne, ba ya fitar da tururi, don haka ruwan da ke hawa daga saiwa ba ya biyowa ta kansa. Jaririn irin da ke ciki kuwa rabuwar ƙwaya yake yi ba dare ba rana. Idan saman ƙasar ya bushe ko babu kalsiyam a ciki, sai ya ɓare. Shi ya sa ake barbaɗa jifsam, wani farin gari mai kalsiyam, lokacin fure, kuma takin supa ya fi kamfa dacewa da gyaɗa ta wannan fuskar, domin akwai jifsam a cikinsa. Ko a gwajin tsiro cikin ruwa, idan aka cire kalsiyam, tsinin saiwa da kan toho ne ke fara mutuwa, wato wuraren rabuwar.

Ummi_Aji_Uku
Na ƙaru sosai, amma don Allah mu dawo kan faifan tsakiyar nan. Yaya, ka ce jakunkuna suna tururuwa daga Golgi. Kalsiyam ɗin da ke wurin, ba shi ne dai simintin da na rubuta ba? Ai faifan ne yake zama layin tsakiya daga baya.

Mai_Ɗakin_Gwaji
Ummi, bari in amsa wannan, domin a nan ne ɗalibai da yawa suke haɗe matakai biyu su mai da su ɗaya. Sabon faifai ba siminti ba ne tukuna, abu ne mai laushi. Jakunkunan suna haɗewa su zama raga ta bututu, ragar ta baje ta zama faifai mai huji-huji, sannan hujin ya toshe. Lacey Samuels da Thomas Giddings da Andrew Staehelin sun bayyana waɗannan matakan a 1995, da ƙwayoyin taba da aka daskarar cikin ƙiftawar ido. Abin da ya fi yawa a faifan a wannan lokacin shi ne kalos, wani sinadarin gini na wucin gadi, ba selulos na ƙaƙƙarfan bango ba, kuma inzayim ɗin, wato furotin ɗin da ke ƙera kalos, yana buƙatar kalsiyam kafin ya yi aiki. Ga aiki ɗaya ke nan da ba na siminti ba.

Shi kuma fektin, lokacin da ya fito daga Golgi yawancin gurabensa na kama kalsiyam a rufe suke da wasu ƙananan murafen sinadari da ake kira metil. Sai daga baya wani inzayim ya cire murafen, sannan kalsiyam ya shiga ya ɗaure. Kin ga tsarin yana da hikima: da ya ɗaure tun farko, faifan ba zai iya faɗaɗa ya kai gefe ba.

Abin da ban taɓa mantawa ba shi ne ranar da muka jiƙa saiwar albasa cikin ruwan kafin, sinadarin nan da ke cikin goro da gahawa. Muka yi rini muka duba, sai ga ƙwayoyi masu cibiya biyu, wato ma'ajiyar kuromosom biyu, zaune gefe da gefe, babu bango a tsakaninsu. Kuromosom sun rabu lafiya lau, faifan ne ya rushe kafin ya yi ƙwari. Wata ɗaliba ta ɗaga kai daga madubin ta ce min kamar tagwaye a ɗaki ɗaya.

Ɗan_Birnin_Gwari
Kuma ta hanyar kalsiyam kafin ɗin ya rusa shi?

Mai_Ɗakin_Gwaji
Haka aka fara zato, domin a tsokar dabba kafin yana sa rumbun kalsiyam ya zubar da abin da ke cikinsa. A tsiro abin da aka gani da ido shi ne ragar ta kasa zama faifai kuma kalos bai taru yadda ya kamata ba. Ummi, a jarrabawa ki tsaya a nan, kada ki ɗora masa dalili.

Yaya_Daga_Jamus
Na goyi bayan haka. In ƙara abu ɗaya da zai ba ki maki: akwai wani furotin mai tafiya a kan bututu, KCBP, wanda a Arabidopsis, wani ɗan tsiro da ake yawan bincike da shi, ake kira ZWICHEL. Idan kalmodulin mai ɗauke da kalsiyam ya kama shi, sai ya saki bututun. Ana samunsa a firagmofilas da kuma wurin da faifan zai je ya haɗe da tsohon bango. Wannan wurin tun kafin rabuwa ake yi masa alama, da wani zoben bututu da masu bincike Pickett-Heaps da Northcote suka gani a alkama a 1966. Yanzu kuma ba sai an yi allurar rini ba. Tun 1991 aka sa wa taba furotin mai haske daga wata halittar teku a Jami'ar Edinbura, tsiron da kansa yake haskawa idan kalsiyam ya tashi.

Malam_Tsohon_Alli
Ni fa duk da haka ina ganin malamin ya matse hannu. A wurina amsar Ummi ta cancanci 5 ko 6, domin idan aka auna da sikeli, mafi yawan kalsiyam ɗin da ke jikin tsiro a bango da bakuwol yake. Ku tuna ƙaiƙayin gwaza, ai allurai ne na kalsiyam da ogzalet da tsiron ya tara.

Mai_Ɗakin_Gwaji
Allah ya gafarta Malam, a nan zan ɗan saɓa maka. An ce ƙwaya mai rabuwa. Irin wannan ƙwayar bangonta siriri ne, bakuwol ɗinta ƙanana ne a warwatse, ba kamar ta tsohon ganye ba. Wanda ya yi tambayar ragar ER da mazari da faifai yake nema.

Malam_Tsohon_Alli
Na ji hujjarka, amma ban sauka daga 5 ba.

Baba_Mai_Lambu
Injiniya, kafin a watse. Matata tana tara min ɓawon ƙwai, ta ce in daka in zuba a gindin tumatir bana. In zuba?

Injiniyan_Gona
Zuba Baba, ba zai cutar ba, amma a hankali yake narkewa, ba zai ceci amfanin bana ba. Gyaran injin nan ya fi shi gaggawa.

Ummi_Aji_Uku
Na sake zanen yanzu, na sa ɗigo-ɗigo a kawunan mazari da gefen faifan, na rubuta nanomola a ciki da milimola a waje. Abu ɗaya ya rage min: kalsiyam ɗin da ke tashi bayan kuromosom sun fara tafiya, daga ER yake fitowa ko daga waje yake shigowa? Gwajin 1985 kamar waje yake nunawa, na 1980 kuma kamar ER. Yaya_Daga_Jamus, idan ka tashi daga aiki ina jiranka.